Kiɗan da Ya Kayar da Gwaggo Rakiya

Assalamu alaikum, jikokina na cikin waya. Lauratu da ke buga mini labarin nan ta karanta mini saƙonninku, na sha dariya, na kuma sha haushi. Wata ta rubuto cewa, "Hajiya, tun ranar da Baba ya fara ƙi, da ni ce da na gudu na bi shi." Ki gudu a me, 'yar nan? A Dayi ta 1964, direban motar da ke zuwa Funtuwa a zauren babana ya yi saukar Alƙur'ani. Kafin in ɗora ƙafa a taya zai mayar da ni gida, ya haɗa da gaisuwa.

Saboda waɗanda suka shigo yanzu, ni ce Asma'u, 'yar Malam Hussaini na'ibin limamin Dayi. A lokacin na gama makarantar horon malamai mata na dawo gida ina koyarwa, ina ji da kaina kamar ni na ƙirƙiro boko. Wanda nake so kuwa Yusufu ne, malamin gona. Sunansa na yanka Ɗanasabe, ɗan Maguzawan da ke bayan dutse ta hanyar Malumfashi. Ya musulunta shekara biyu kafin wannan labari. Ubansa, tsoho Sabo, shi ne makaɗin garayar 'yan bori na duk yankin, kuma a damina ta wannan shekarar ya rasu.

Baba ya daɗe yana ƙi. Wadda ta tanƙwara shi yayarsa ce, Gwaggo Rakiya, gwauruwa, wadda ta rene ni bayan rasuwar mahaifiyata. Mace ce da carbi ba ya barin hannunta, ita ke wa matan unguwa wankan gawa, ita ke koya wa amare farillan alwala. In ta ce "Hussaini," Baba yakan ajiye littafi.

Ranar da ya amince, ina laɓe a bayan ƙyauren zaure, ɗankwali a baki don kada numfashina ya tona ni.

"An ce hannunka a garaya ya fi na ubanka," in ji Baba.

"An faɗa, Malam."

"To ka ajiye."

"Na ajiye tun ranar da na yi shahada."

"Ba ajiyewar rataya nake nufi ba, wadda ake saukowa da ita ranar biki. Ka ce mini har ka mutu yatsanka ba zai ƙara taɓa tsirkiya ba."

Yusufu ya rantse. Bayan kwanaki wakilansa suka kawo goro a ƙwarya, an rufe da faifai mai ado. Gwaggo ta yayyafa masa ruwa ta lulluɓe da tsumman buhun algarara, ta tura ƙarƙashin gadonta na ƙarfe, ana jiran a gama cinikin auduga a sa rana.

To, a daidai nan ne Tani Baturiya ta shigo rayuwarmu. Sunanta na gaskiya ya gagari harshen mutane, ranar Litinin ta iso gari, sai aka raɗa mata Tani. Wata ƙungiyar taimako ce ta turo ta, Ƙungiyar Inuwa Guda, ta matan ma'aikata da wasu Turawa a Kaduna. Suka kafa rumfar zana kusa da kasuwa, suka kawo alluna da alli da madarar gari, suka ce a tara 'ya'yan Musulmi da 'ya'yan Maguzawa a tabarma ɗaya, a koya musu karatu da waƙa. Ni aka ɗauka in koyar da yamma.

Zan yi mata adalci, domin ta mutu, kuma ba ta da mai kare ta a cikin wayoyinku. Matar nan ba muguwa ba ce. Da hannunta take wanke gyambon yara. Yaran da a da in sun haɗu a rafi sai jifa da "arne" da "ɗan ƙwadago," na gan su suna lasar madara a tafin juna. Akwai waɗanda suka zama malaman asibiti daga rumfar nan. Abin da ta yi imani da shi ɗaya ne, kullum tana maimaitawa da Hausarta mai tsalle-tsalle: "Malama Asma'u, yaran da suka yi waƙa tare ba za su yi faɗa ba in sun girma."

Har yau ina jin irin wannan magana a rediyo: wai rashin sanin juna ne ke kawo gaba, in mun san juna za mu so juna. Ni dai tsohuwa ce, ku yi mini uzuri. Mu a Dayi mun san juna har kakanni. Mun san wa ya fito daga wane gida, da wace shekara aka daina dafa giya a gidan wane. Zaman lafiyarmu ba a kan sani yake tsaye ba, a kan abin da kowa ya sani ya yi shiru yake tsaye.

Tani tana da wani akwatin ɗaukar murya mai zare, mai cin batir kamar jaki da dusa. Kafin tsoho Sabo ya rasu ta je ta kai masa magani, ta roƙe shi ya kaɗa mata kiɗan da ya fi kowanne daɗi. Mutumin da ya kawo maka magani ba ka ce masa a'a. Ya kaɗa mata kaɗan ya tsaya. Ina jin a zatonsa akwatin Ingila zai tafi, can inda babu mai ji ya gane. Da ya mutu, 'yan'uwansa suka ba ta aron garayar, tun da magajinta ya bar ta, ta rataye ta a ginshiƙin rumfa don yara su ga abin da ta kira gadon ƙasarsu.

Wata rana ta kunna mini. Wallahi tsikar jikina ta tashi. Kiɗa ne mai tafiya kamar ruwa a kan duwatsu, yana ja da baya yana dawowa. Ni da na tashi a gidan malamai, inda ko kalangun biki sai dai in jiyo ta katanga, ina zan san mene ne?

"Ki sa masa kalmomi," ta ce. "Na zumunci. Za mu yi taron iyaye bayan kaka, yara su rera a kan kiɗan."

Na zauna na tsara, ina ta alfahari:

Gero da dawa, rumbu guda,
ruwan rafi bai tambayi mai tulu ba.

Da muka fara koyo, na lura 'ya'yan Maguzawa suna rera ta ƙasa-ƙasa, suna kallon juna. Wata uwa da ta zo ɗaukar 'yarta ta tsaya nesa da rumfa, ta juya baya. Na bi ta na ce, "Inna, lafiya? Ko waƙar ba ta yi ba?"

Ta dubi gwangwanin madarar da ke hannun 'yarta, ta dube ni. "Ta yi, Malama. Babu komai. Ku masu ilimi ai kun san abin da kuke yi."

Kun ji. Kunya ce ta kashe mu. Kowa ya ga ramin, amma wa zai ce wa baƙuwar da ta zo da alheri ta kauce?

Shi kuwa Yusufu an tura shi Funtuwa awon auduga, sai ranar Juma'a yake zuwa a kan keke, kuma ko hanyar rumfar ba ya bi saboda abin da ke rataye a ciki. Muna hira a soro, Gwaggo na tsakar gida tana tari na gangan don mu san tana nan. Na ce masa, "Malamin gona, ranar taro ka zo, akwai abin da na tanadar maka."

"Malama, in dai lissafi ne kin san na faɗi tun a aji uku."

"Ba lissafi ba ne."

"To in waƙa ce, ki ji tausayin jama'a. Na taɓa jin muryarki kina kiran kaji."

Na jefe shi da mafici. Ban faɗa masa ba. So nake ya ji hannun ubansa ana girmama shi a gaban dagaci da malamai, ya san ba kunyar asalinsa nake ji ba.

Ranar ta zo, Lahadi bayan la'asar. Na ɗaura atamfa mai ruwan ganye da Gwaggo ta ciro mini daga adudunta, na sa lalle har wuyan hannu, na zizara kwalli, na yafa farin mayafi mai bakin zare. Gwaggo ta ce ita ba ta zuwa wurin kiɗa. Na rungume ta ina magiya. "Ba kiɗa ba ne, Gwaggo, waƙar yara ce. Ni na tsara." Ta ce, "Ja'ira, kin san lagona." Ta ɗauki carbi da baƙin mayafinta.

An share fili an yayyafa ruwa. Dagaci a kujera, Baba da limamai a tabarma kusa da shi, baƙin Kaduna a benci da takalmansu masu tsini suna nutsewa a ƙasa. Maguzawa suka zauna gefe guda, matansu da zane ɗaurin ƙirji. Matan gari tsofaffi suka zauna ɗaya gefen. Can baya na hango Yusufu cikin farin kaftani, ya jingine keke a jikin ɗorawa, yana yi mini murmushi.

Yara suka yi karatu, aka tafa. Suka yi lissafi, aka tafa. Sannan Tani ta danna akwatin.

Idona na kan Yusufu. Murmushin ya ɗauke kamar an hure fitila. Ya fara kutsowa cikin mutane yana ɗaga mini hannu, ni kuwa ina kaɗa wa yara hannu suna "gero da dawa." Na ɗauka murna ce ta taso shi.

Sai na ji wata ƙara daga ɓangaren mata. Ba kuka ba, ba guɗa ba, murya ce ta namiji mai kauri. Na waiwaya. Gwaggo Rakiya ce a tsaye, mayafi ya zame, carbi ya tsinke 'ya'yansa na gangarawa a ƙasa. Idanunta a buɗe amma ba ta ganin kowa. Ta tako tsakiyar fili da wata irin tafiya ta isa, ta yi tsalle sama, ta faɗo daɓas a zaune a kan busasshiyar ƙasa. Tsohuwar da sai ta dafa bango take miƙewa! Ta tashi ta ƙara.

Wata tsohuwar Bamagujiya ta ce da ƙarfi, "Sarkin Rafi ne ya hau ta. Ya ji kiransa ya zo."

Kada ku tambaye ni ko na yarda. Na yi karatu, na karanta abin da likitoci ke cewa, na kuma ji abin da malamai ke cewa, kowannensu yana magana da tabbaci irin na wanda bai kasance a wurin ba. Ni abin da idona ya gani nake faɗa muku. A wurin masu bori kowane iska da kiɗansa, kamar yadda kowane basarake ke da takensa. In an kaɗa, kira aka yi. Wadda aka taɓa yi wa girka kuwa, wato aka ɗaura ta da iskan tun tana yarinya, ko ta shekara hamsin tana gudu, in ta ji, ta ji.

Baba ya miƙe. "Kashe! A kashe abin nan!"

Tani ta kashe. Sai abin ya ƙara lalacewa. Gwaggo ta faɗi ta sanƙare, haƙora a datse, kumfa a baki, tana buga ƙeya da ƙasa. Na ruga na tallabe kanta a cinyata. Baba ya durƙusa yana tofa mata addu'a, limamai suka taya shi. Jikinta sai ƙara ƙanƙamewa yake kamar itace, numfashi yana fita da gurnani.

Tsohuwar nan ta matso. "Malam, ba a yanke masa kiɗa a tsakiya. An kira shi, sai a sallame shi. In ba haka ba zai tafi da ita."

Tani tana kuka ta ce za ta mayar da zaren baya.

"Kiɗan kira ne kawai a ciki," in ji Yusufu. Ya iso yana haki, ya tsaya a kanmu. "Babana bai kaɗa mata na sallama ba."

"To wa ya iya?" in ji dagaci.

 Garaya gado ce, ba kowane Bamaguje ke taɓa ta ba. Duk idanu suka koma kan mutum ɗaya.

Yusufu ya dubi Baba. "Malam," ya ce a hankali. Izini yake nema. Kalma ɗaya. Baba ya ji, na san ya ji, domin na ga jijiyar wuyansa ta motsa. Amma limamai na gefensa, gari na kallo. Ya sunkuyar da kai ya ci gaba da tofi.

Sai Yusufu ya dube ni. 'Yan mata, kuna ta rubuto mini abin da da kun yi. To ga kan matar da ta goya ni a cinyata, leɓenta ya fara baƙi. Ga mutumin da nake so yana tambayata da ido ko ya kashe aurenmu. Me za ku ce? Ni ban ce komai ba. Kuka kawai nake yi, kwalli na zuba a kan atamfa.

Ya tuɓe hularsa ya ajiye a benci. Ya je ginshiƙi ya sauko da garayar, ya hure ta, ya ɗaɗɗaure tsirkiya. Ya zauna a ƙasa dab da mu ya naɗe ƙafa, farin kaftanin nan a cikin turɓaya. Matan Maguzawa biyu suka kife ƙwaryar ruwan sha suka fara bugawa.

Na ji kiɗa a Kaduna, na ji a Ikko, na ji a ƙasashen da aikin gwamnati ya kai ni daga baya. Ban taɓa jin abin da ya kai wannan ba, kuma Allah ya yafe mini in faɗin haka laifi ne. Ya fara daga inda akwatin ya tsaya, yana lallashi, yana kirari ƙasa-ƙasa kamar mai raka babban baƙo bakin ƙofa. Ya daɗe. Yatsunsa sun yi laushi da riƙon alƙalami, tsirkiya ta yanka su, na ga jini yana bin wuyan garayar, bai tsaya ba. A hankali na ji wuyan Gwaggo yana saki a hannuna. Ta yi atishawa, ta ƙara, ta ƙara. Tsohuwar Bamagujiya ta ce, "Ya tafi."

Gwaggo ta buɗe ido. Ta ga sama, ta ga fuskata, ta ga jama'a zagaye da ita. Ta shafa kanta ta ji babu ɗankwali.

"Asma'u," ta ce da 'yar muryarta ta kullum, "rufe ni."

Na cire mayafina na rufe ta har fuska. A haka muka kai ta gida, ana riƙe da ita. A hanya ba wanda ya yi mana dariya, ba wanda ya ce sannu. Da sun yi dariyar ma da ya fi sauƙi.

Washegari da hantsi Tani ta zo da gwangwanin biskit, idanunta sun kumbura. Baba ya karɓe ta da mutunci, ya ce ƙaddara ce, ya sa aka raka ta. Tana ta cewa, "Amma me ya sa ba wanda ya gaya mini?" Ba wanda ya gaya mata wannan ma.

Bayan ta tafi Baba ya shigo ɗakin Gwaggo. Tana kwance, na gasa mata ƙugu da ruwan zafi ina shafa mata man zafi. Bai dube ni ba. Ya durƙusa da kansa ya jawo ƙwaryar goron daga ƙarƙashin gado.

"Hussaini," in ji Gwaggo. "Me za ka yi da shi?"

"Mayarwa za a yi, Yaya."

"Yaron nan raina ya ceta."

"Na sani."

"Rantsuwa ce? Ai akwai kaffara. Kai ka koya mini. Ya ciyar, ya yi azumi, shi ke nan."

"Ba rantsuwar ba ce." Ya zauna a bakin gado, ya zama ƙarami a idona, kamar ba shi ne mai jan sallar Juma'a in liman ba ya nan ba. "Shekara nawa muka yi, Yaya, kafin a daina ce mana 'ya'yan gidan tsafi? Ina yaro aka kai ki bayan dutse aka yi miki abin nan, ina tsaye ina riƙe da zanen Inna. Na yi karatu har idona ya lalace don a manta. An manta. In yaron nan ya zama surukina, duk ranar da ya shigo zaurena gari zai tuna jiya. Duk ɗan da Asma'u ta haifa, za a ce jikan goɗiya ne, wadda iska ke hawa, ɗan makaɗinta."

A nan na fara jin cewa mu ma daga bayan dutsen muka fito. Ni da nake ganin ina yi wa Yusufu alfarma.

Na ce, "Baba, da bai kaɗa ba fa?"

Sai a lokacin ya dube ni, idonsa jajur. "Da yanzu muna zaman makoki, ke kuma kina da miji. Kin ga ai na san lissafin. Kada ki ƙara tambayata."

Ya tashi zai kira almajirinsa ya aika. Gwaggo ta yunƙura ta zauna, tana cije leɓe.

"Ba za a aika masa da yaro kamar an biya bashi ba. Ni zan kai."

"Yaya, ba ki iya tafiya. Kuma mutane..."

"Mutane sun gama gani, Hussaini. Me ya rage?"

Ta ɗaura zane, ta yafa baƙin mayafinta, ta sa na ɗora mata ƙwaryar a ka. Yusufu a gidan sarkin noma yake sauka, can ƙarshen gari, sai ta ratsa kasuwa kafin ta kai. Baba ya fita ya zauna a zaure, inda duk abin da aka faɗa a tsakar gida yake ji. Gwaggo ta dogara sanda, ta taka har bakin ƙofa, ta tsaya ba ta waiwayo ba.

"Me zan ce masa in ji ki?"

Maganganu sun cika mini baki. In ce ya jira ni. Ya yafe mini. Ya zo ya ɗauke ni a kan kekensa mu tafi inda ba a san kakan kowa ba. Ina jin tarin Baba a zaure.

Na ce, "Ki ce ya shafa man kaɗanya a yatsunsa. Kada ya bari ruwa ya shiga."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Gwaggo."

Ta gyara zaman ƙwaryar, ta ratsa zaure ta gaban ƙaninta, ta fita tana ɗingishi. Ni kuwa na koma ɗaki na tarar da ruwan gashin ya huce, na zauna na riƙe tsumman a hannu, ina jin sandarta tana nisa.